Shin maganaɗisun lantarki zai iya zaro bututun ƙarfe daga rijiyar mai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne a Bauchi, ina karanta fannin haƙar man fetur. Na ji ana maganar kayan aiki masu amfani da maganaɗisun lantarki wajen cire bututun kesin daga tsofaffin rijiyoyin mai. Irin maganaɗisun nan ne da ake ɗaga tarkacen ƙarfe da shi ake zurawa ya jawo bututun sama? In ba haka ba ne, mene ne aikinsa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A'a, ba maganaɗisu ne ke jawo bututun ba. Amma aikin cirewar kansa zai yi wuya ƙwarai ba tare da shi ba, don shi ne ke gano wa masu aiki halin da ƙarfen yake ciki, kuma shi ke kwashe tarkacen da yankan ya bari.

Kesin shi ne bututun ƙarfen da ake jerawa a jikin ramin rijiya, a ɗura siminti tsakaninsa da dutse. Wanda aka fi yawan haɗuwa da shi mai faɗin inci 9 da 5/8 ne, kuma kowace mita ɗaya tana kai kilo 70. Ka ga mita 1,000 tan 70 ke nan, tun ba a zo kan abin da ya riƙe shi ba. Bayan siminti, akwai lakar haƙa, wato ruwa mai kauri da ake zagayawa da shi a ramin lokacin haƙa, da ta shekara talatin ko arba'in a bayan bututun. Ma'adanin barait da ake zuba mata don ta yi nauyi, irin wanda ake haƙowa a Azara ta jihar Nasarawa, yakan kwanta ya daskare, ya cije ƙarfen gam.

Shi kuwa maganaɗisu ƙarfinsa yana da iyaka. Ƙarfe yakan ƙoshi da shi a wajen tesla 2 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), daga nan ko ka ƙara wuta ribar kaɗan ce. A wannan matakin jan da zai yi bai wuce kilo 16 a kan kowane murabba'in santimita ba, shi ma sai fuskokin biyu sun manne sumul. Tsatsa ko daskararren mai ya shiga tsakani, ƙarfin ya faɗi warwas. Sannan a cikin bututu gefe yake ja, ba sama ba, don haka da an ɗaga sai ya zame. Shi ya sa ake yanka bututun da wuƙaƙe masu buɗewa da ƙarfin ruwa, a zura wani mashi mai haƙora ya cije shi ta ciki, injin haƙa ya ja. Inda ya ƙi, a saukar da jak a cikin rijiyar, wanda jansa ke kai ɗaruruwan tan.

To ina maganaɗisu ya shigo? Tun kafin a taɓa wuƙa. Ana zura na'ura a jikin waya mai ɗauke da naɗin tagulla biyu, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa. Na farkon yana fitar da filin maganaɗisu mai juyawa a hankali, ya ratsa bangon bututun, ya tayar da 'yan igiyoyin lantarki a cikin ƙarfen, ka'idar nan da Faraday ya gano a 1831. Gwargwadon kaurin ƙarfen, gwargwadon jinkirin da saƙon zai yi kafin ya isa naɗi na biyu. Akwai kuma masu aika bugu ɗaya su kashe wuta, su saurari yadda saƙon ke dusashewa: abin da ya fara dawowa na bututun ciki ne, na ƙarshe na waɗanda ke waje. Da haka ake auna bututu uku ko huɗu da ke cikin juna ba tare da an ciro ko ɗaya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin bututun da tsatsa ta cinye rabin kaurinsa, idan ka ja shi da ƙarfi tsinkewa zai yi a inda ba ka so, ka koma kamun abin da ya faɗa na kwanaki.

Sai dai ka kiyaye abu biyu. Na'urar tana ba da matsakaicin kauri ne na zagayen bututun, ƙaramin huji zai iya ɓuya mata. Kuma ba ta ganin siminti sam, wannan aikin na'urorin sauti ne.

Wanda ya fi burge ni shi ne neman inda bututu ya daina motsi. Ƙarfe idan aka ja shi ko aka murɗa shi, halinsa na maganaɗisu yana canzawa. Sai a sauka da na'ura tana shafa wa bangon ɗan maganaɗisu, a ja bututun daga sama a saki, sannan a hau ana karantawa. Duk inda karatun ya sauya, wurin ya miƙe, ke nan a sake yake. Inda bai sauya ba, jan bai kai can ba, a kame yake. A saman wannan iyakar ake yanka. Wani ɗan naɗi tsakanin maganaɗisu biyu kuma yana ƙirga mahaɗan bututu, don kada wuƙa ta faɗa kan mahaɗa inda ƙarfen ya fi kauri.

Idan bututu ya ƙi fita ko ta yaya, sai a niƙe shi a inda yake, a buɗe taga har a ga dutse, a zuba siminti daga bango zuwa bango. Niƙe mita 50 na bututun da na ambata yana ba da sassaƙen ƙarfe tan uku da rabi. Ka gan shi a bakin rijiya: siraran zare masu kaifi, a nannaɗe, suna curewa su toshe hanyar laka, suna yaga robar na'urar da ke rufe rijiya idan ta yi yunƙurin ɓallewa. A nan ake jera sandunan maganaɗisu a kwatar da laka ke dawowa, ma'aikata na zarewa suna sharewa ana aunawa, don a san nawa ya fito nawa ya rage a ƙasa. Ana kuma zura wasu cikin ramin su tsinto ragowar. Yawancinsu maganaɗisun dindindin ne. Na lantarki fa'idarsa ita ce ana saukar da shi a kashe, kada ya yi ta mannewa a hanya, sai ya isa ƙasa a kunna.

Akwai masu tunanin narka bututun da zafin da naɗin lantarki ke haifarwa a cikin ƙarfe. Ka'idar daidai ce, lissafin ne ke da nauyi. Narka mita ɗaya na buƙatar kimanin yunit 25 na wuta ko da babu asara, alhali wayar da aka saba zurawa kilowat ƙalilan take ɗauka, ruwan rijiyar kuma yana kwashe zafin. Da ƙarfen ya kai digiri 770 ya daina amsa maganaɗisu, dumamar ta ragu, ga shi sai wajen digiri 1,500 yake narkewa. Bugun maganaɗisu mai ƙarfi da masana'antu ke lanƙwasa bututu da shi ma yana da matsala a nan: naɗin da ke cikin bututu waje yake tura shi, wato ya ƙara danna shi jikin siminti.

In kana neman abin da za ka yi aikin kammala karatu a kai, ina ba ka shawarar wannan fanni na rufe tsofaffin rijiyoyi da zuciya ɗaya. Tun kafin a gano mai a Oloibiri a 1956 ake haƙa rijiyoyi a Neja Delta, da yawa sun tsufa, kuma Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni su ware asusun rufe su, ƙarƙashin sa idon NUPRC, hukumar da ke kula da ɓangaren haƙar mai. Rijiyar Santa Barbara da ke Nembe ba a ɗiban mai daga cikinta a lokacin, amma ta yi sama da wata guda tana ambaliyar mai daga Nuwamba 2021. Rijiyoyin Kolmani da ke kusa da kai ma wata rana za su buƙaci rufewa. Duk sabuwar na'urar da aka kawo maka labarinta, tambayi awa nawa take ci a kowace mita, wutar nawa take buƙata a ƙasan rijiya, me take bari a ramin bayan ta gama, kuma ko an gwada ta a rijiya ta gaske mai ruwa da matsi ko a ɗakin gwaji kawai.