Uban yara ya daina ciyarwa don ina samun kuɗin rubutu: ina mafita?

Wata mai karatu daga Tawa ta rubuto mana. Aurenta ya mutu, yara biyu suna hannunta, tana rubuta wa ƴan kasuwa talla da labarai a intanet suna biyanta. Da uban yaran ya ji haka sai ya tsayar da kuɗin abinci, yana kuma barazanar karɓe su.

Malama, kuɗin da kike samu naki ne, kuma bai sauke wa uba nauyin ci da sutura da magani da karatun ƴaƴansa ba. A Nijar, maganar saki da riƙon yara alƙali yakan duba ta bisa al'adar masu shari'ar, tare da mashawarta kan al'ada da ke zama da shi. Tamu al'adar tana tafiya da Malikiyya, wadda ta ɗora ciyarwa a wuyan uba ko da uwar mai hali ce. Ki shigar da ƙara a kotun Tawa a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. In ba ki da halin ɗaukar lauya, ki nemi ofishin ANAJJ, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi a shari'a. Batun karɓe yara kuwa, ba zan ɓoye miki ba, al'ada takan karkata ga uba idan yaro ya kai shekara 7, amma alƙali yana duba maslahar yaron. Uwar da ta nuna tana da sana'a tsayayya, yara suna makaranta, ta ƙarfafa hujjarta ne.

Abin da ya fi damuna shi ne alƙalaminki. Mace mai ɓacin rai kuma mai mabiya a intanet, da wuya ta ƙi rubuta abin da aka yi mata. Don Allah kada ki yi. Dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024, ta maido da ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet: shekara 1 zuwa 3, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Ko ba ki faɗi sunansa ba, muddin mutanen unguwa za su gane shi, yana iya kai ki ƙara, kuma rubutun nan shi zai ɗauka ya kai gaban alƙalin riƙon yara. Hotunan yaran ma ki cire su daga shafin sana'a.

Sai ki ba sana'ar kanta gindin zama. Dokar kasuwanci ta 2010 ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci tsakanin wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, ta tanadi matsayin ƙaramin mai sana'a: ki bayyana aikinki a rajistar kasuwanci da ke ofishin magatakardan kotu, sannan ki karɓi lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, a ofishin haraji. Ki riƙe littafin shiga da fitar kuɗi, doka ta ce a adana shi shekara 5. Duk wanda ya ba ki aiki, ku rubuta yarjejeniya: farashi, ranar biya, da wanda zai mallaki rubutun bayan an biya. In ta WhatsApp kuka daidaita, kada ki goge saƙon.

Ranar da za ki je kotu, ki tafi da takardar saki, takardun haihuwar yaran, da shaidar kuɗin makaranta da asibiti da kika biya tun lokacin da ya daina aikowa.