Don Me Muke Renon Rimi?

Ɗana, ka ce don me muke ɓata leda a kan rimi alhali masu saye darbejiya da mangwaro suke nema. Darbejiya daga Indiya aka kawo ta. Rimi kuwa ɗan gida ne, shi ya sa ake ce masa adon gari. Ka shiga birnin Zariya ka ɗaga kai, ko ka tambayi inda Rimin Gado da Unguwar Rimi ta Kaduna suka samo suna.

Renonsa ba wuya. Da bazara, in kwanson ya yi ja-ja, ka tsinko shi tun bai fashe ba, don da ya fashe iska ta kwashe audugar da irin gaba ɗaya. Ka ware baƙaƙen ƙwayoyin, ka jiƙa su kwana guda, ka shuka a leda cikin ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Kada ka nitsar da su. Dashe sai damina ta zauna. Ƙayar da ke jikinsa ba ta hana akuya cin ganyen, saboda haka ka kewaye shi har ya wuce bakinta.

Inda mutane ke kuskure shi ne wuri. Rimi yakan haura mita 30, saiwarsa tana fitowa bisa ƙasa tana tsaga gini. Wanda ya ce zai dasa a tsakar gida, hana shi, ko da zai fasa saye. Bakin kasuwa, filin makaranta, gefen fadama, nan ne wurinsa.

Amfaninsa ga dabbobi kuwa, sai ka kwana kusa da shi da hunturu. Lokacin daji ya bushe, shi ma ya zubar da ganye, sai ya yi fure. Furen da dare yake buɗewa, jemagu su taru suna shan ruwansa, suna kai garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Da haka yake ɗaukar 'ya'ya. Gari na wayewa ƙudan zuma su sauka a kan abin da ya rage. Manyan tsuntsaye irin su shamuwa da ungulu kuma suna son dogayen rassansa, inda hannun yara ba ya kai ga sheƙa.

Audugar ma ba a yar da ita, matashin kai ake yi. Gobe ka kawo buhu, ka tara mana ita daban.