Me zan sha da safe in samu kuzari ba tare da gahawa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, ina fita aiki da ƙarfe shida da rabi na safe, kuma na shekara da shekaru ina shan gahawa kofi biyu kafin in fita. Kwanan nan likita ya ce in bar ta saboda bugun zuciya da rashin barci. Wata abokiyar aikina ta ce in koma shan markaɗaɗɗun 'ya'yan itace, sai na riƙa haɗa ayaba ɗaya, da mangwaro cike da kofi, da ruwan lemo na kwali kofi ɗaya, da zuma babban cokali ɗaya a blanda. Yau kwana uku ke nan kaina yana ciwo, kuma kafin ƙarfe goma yunwa da kasala sun rufe ni. Ina kuskuren yake?

Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abubuwa biyu ne suka haɗe miki a lokaci guda, kuma ciwon kan ba laifin 'ya'yan itacen ba ne. Sinadarin kafeyin da ke cikin gahawa ba ya ciyar da jiki, abin da yake yi shi ne ya tare wa wani sinadari mai suna adenosin hanya a ƙwaƙwalwa, wato sinadarin da ke taruwa a hankali yana sanar da mutum cewa ya gaji. Kofi ɗaya na gahawa yakan ɗauki miligiram 80 zuwa 100 na kafeyin, don haka jikin da ya saba da kusan miligiram 200 kullum ba zai yi shiru ba idan aka yanke masa dare ɗaya. Ciwon kan yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan kofi na ƙarshe, ya tsananta a rana ta biyu, kuma a wurin yawancin mutane yakan lafa cikin kwana biyu zuwa tara. Da kin tambaye ni tun farko, da na ce ki rage a hankali cikin mako biyu, amma tunda kin riga kin kai kwana uku, ki daure ki yawaita shan ruwa, domin kin wuce mafi wuyar.

Yunwar ƙarfe goma kuwa daga haɗin naki take. Ayaba matsakaiciya tana da sukari kimanin giram 14, kofin mangwaro ya haura giram 20, ruwan lemon ma haka, sannan cokalin zuma ya ƙara giram 17, wato kina shan sukari fiye da giram 70 a cikin 'yan mintuna, kuma babu abin da zai rage masa gudu a ciki. Irin wannan abin sha yakan ɗaga sukarin jini da sauri, jiki ya saki insulin don ya sauke shi, bayan awa biyu ko uku sai mutum ya tsinci kansa yana hamma a gaban allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, wanda ya kai kimanin giram 50 ga babban mutum, kuma ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace a cikinsa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa zuma ba ta cikin wannan lissafi don ta fito daga saƙar ƙudan zuma, alhali a wurin jini sukari ce kamar kowace.

Gyaran da zan ba ki shi ne ki cire ruwan kwalin da zumar, ki tsaya a kan ɗan itace ɗaya ko biyu, sannan ki shigo da abubuwan da ke riƙe ciki. Ki sa ayaba ɗaya, da ot (hatsin oats da ake damawa kamar kunu) manyan cokula huɗu, da yogot marar sukari kofi ɗaya, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali ɗaya, da ɗan ruwa ko madara don ya saki. Wannan zai ba ki furotin kimanin giram 15 da kalori wajen 400, wanda cikakken karin kumallo ne. Furotin da man da ke cikin gyaɗa suna jinkirta fitar abinci daga tumbi, shi kuma ot yana da wata faiba (wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa) mai yauƙi da ake kira beta-gulukan, wadda ke sa sukari ya shiga jini sannu a hankali. Wadda gyaɗa ba ta karɓe ta ba tana iya sa rabin fiya a madadinta. Idan kika jefa ganyen alayyahu cike da tafin hannu, launin zai koma kore amma ɗanɗanon ayabar ne zai rinjaya. Kada ki tace bayan kin markaɗa, domin abin da ke maƙalewa a rariya shi ne faibar da muke nema.

Tunda kina fita da sassafe, ki jiƙa ot ɗin a cikin yogot tun da dare ki ajiye a firji, domin da safe za ki tarar ya yi laushi, ba za ki ji tsaki-tsaki a maƙogwaro ba. Ayabar da ta nuna sosai kuma, ki ɓare ki yanka ki daskarar, za ta ba ki sanyi da kauri ba sai kin sa ƙanƙara ba. Ɗanyar abarba ce kawai zan gargaɗe ki a kanta, domin tana da sinadarin da ke narkar da furotin ɗin madara, kuma idan haɗin ya jima a gora sai ki buɗe ki tarar ya tsinke ya yi ɗaci. In za ki sa ta, ki sha nan take.

Ki lura kuma da kafeyin ɗin da ke shigowa a ɓoye. Garin koko yana da shi kaɗan, garin koren shayi yana da shi da yawa, kuma wasu garurrukan da ake sayarwa da sunan ƙarin kuzari suna ɗauke da wata shuka mai suna gwarana, wadda 'ya'yanta sun fi na gahawa yawan kafeyin, saboda haka ki riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan abin sha ba zai warware miki ido cikin minti ashirin kamar gahawa ba. Abin da za ki lura da shi shi ne kin kai tsakar rana ba tare da jiri ko rawar hannu ba, kuma barcinki na dare ya fara daidaita. Idan bayan mako uku kasalar tana nan duk da kina samun barcin awa bakwai, ki koma wurin likitanki ya duba yawan jininki da sukarinki, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana yawan kawo wa mata irin wannan gajiya. Mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda kuwa ta fara nuna wa likita wannan haɗin, saboda ayaba da fiya da alayyahu duk suna da fotasiyam mai yawa.