Tambayi Bakanike: In yarda a liƙe mini ƙafar giya da walda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Oga. Ni malamin gona ne a Argungu, da babur Yamaha AG100 nake zagaya fadamun Gulma da Augie. Laka ta kayar da ni ta gefen hagu, tun ranar ƙafar giya take juyawa a banza, sai na yi ta lalube kafin ta kama. Kik ɗin ma ya fara zamewa. Mai walda ya ce in kawo ya liƙe su duka biyun a wuce wurin. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Kada ka yarda.

Ƙarfen da ƙafar giya ke zaune a kansa, wanda muke ce wa shaf, ba ɗan guntun da kake gani a waje ba ne kawai. Ya ratsa injin tun daga hagu har dama, can bayan kuloci, inda yake da hannun da ke juya gangar giya. Ta dama ake zare shi. Ke nan wannan bakin na hagu sai ya bi ta cikin rami kafin ya fita, kuma in an manna masa ƙafa da wuta, ba ya fita sai an yanke. Ga kuma sil ɗin roba da ke tare mai, yana kan shaf ɗin nan da za a yi wa waldar. Zafi na taɓa shi ya ƙone. Man giyar AG100 bai kai lita ɗaya ba, kuma babu wata fitila da za ta gaya maka ya tsiyaye. Mai na fita, ruwan fadama da yashi na shiga.

Na kik ya fi muni. Murfin kuloci ta kan shaf ɗin kik yake zamewa ya fita. Ranar da faifan kuloci suka cinye, bakaniken da ya karɓi babur ɗin zai fara ne da dutsen yanka ƙarfe, ka sayi shaf, ka sayi ƙafa, sannan a zo maganar kuloci. Mai walda ba cutarka ya yi niyya ba, abin da ya iya ne ya kawo. Mu ne dai ake kawo wa aikin daga baya.

Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki sufana lamba 10 ka kwance notin da ke matse ƙafar giya, ka zare shi gaba ɗaya, domin yana kwance ne cikin wani tsagi a jikin shaf. Wanke wurin da fetur ka duba ƙananan haƙoran. Sau da yawa na ƙafar ne suka cinye, na shaf suna nan, saboda shaf ya fi tauri. In haka ne, sabuwar ƙafa ta wadatar. In kuma ka ga leɓɓan ƙafar sun haɗe, noti ya ƙure amma tana rawa, a faɗaɗa tsagin da zarto kaɗan, a sa sabon noti, za ta sake kamawa. Haka ma za a yi wa kik. Ni a ganina faɗuwar ba ita ta fara ɓarnar ba. Noti ne ya saki tuntuni, ƙafa tana ta girgiza tana cin haƙora, laka ta zo ta ƙarasa.

In haƙoran shaf sun share, ko ya lanƙwashe, a sake shi kawai. Sa'arka ɗaya, a wannan injin ba sai an raba shi biyu ba. A zubar da mai, a cire kik, a buɗe murfin dama, a sauke kuloci. Amma ka tsaya a kan mai gyaran a nan: kafin ya ja shaf, ya goge bakinsa da magagari har ya yi sumul. Lanƙwasasshen ƙarfe in aka tilasta shi da guduma, ramin alminiyon zai yage, kuma wannan ɓarnar sabon sil ba ya rufe ta. In za ka sayi na hannu, mirgina shi a kan gilashi, in yana tsalle ka ajiye musu kayansu. Wajen mayarwa, a naɗa leda a kan haƙoran don kada su yanki sabon sil, ƙafafu biyu na sifirin da ke mayar da ƙafar giya wurinta kuma su rungumi turakunsu. A ɗaga tayar baya a gwada kowace giya da hannu kafin a rufe, da sabon gasket.

In dai ka maƙale a ƙauye, babu kaya sai an aika Birnin Kebbi ko Sakkwato, to a ɗiga walda wuri biyu kacal, yadda za a iya gogewa. A naɗe gindin shaf da jiƙaƙƙen tsumma, a kama wayar at, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, a jikin ƙafar kanta don kada wuta ta bi ta boris, a cire wayar batir da ta CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, in akwai. Wannan don ka samu ka isa gida ne kawai.

Tambaya: Oga, daga Zuru nake. Babur ɗina mai irin injin CG125 ne, kik yana dukana baya, har haƙoransa sun fara ci. Mene ne magani?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi maza, domin a injin CG shaf ɗin kik yana can ciki, sake shi sai an sauke inji an raba. Dukan baya alama ce wutar fulogi na tashi da wuri. A buɗe magneto a duba ɗan makullin da ke riƙe shi a kan kiranshaf, in ya karye ko ya goce lokacin wuta ya sauya. In lafiya yake, a gwada wani CDI. Kai kuma ka daina rabin bugu: taka a hankali har ka ji ya yi tauri, ka bar ƙafar ta dawo sama, sannan ka buga har ƙasa ba tare da murɗa mai ba.