Na sayi ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, wanda ke juya ƙarfen wuƙa na sassaƙa shi, irin ɗan China da ake ɗorawa kan tebur. Sha'awa ce kawai, ina so in riƙa yin ƙananan kusoshi da zobban gyaran babur a gida, amma ban taɓa kunna irinsa ba. Me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Irin waɗannan injuna suna kai juyi 2,500 a minti, kuma duk abin da suka cafke naɗe shi suke yi, ba sa saki. Don haka kafin a zo ga ƙarfe, sai mu fara da jikinka.

Cire babbar riga, cire kaftani mai faɗin hannu. Sa riga mai gajeren hannu wadda ta kama jiki. Agogo, zobe, carbi a wuya, duk ajiye su gefe. Safar hannu kuwa, wadda mutane ke ɗauka kariya ce, a nan ita ce haɗarin: zare ɗaya ya maƙale, hannun gaba ɗaya zai bi. A 2011 wata ɗaliba a jami'ar Yale ta Amurka ta rasa ranta bayan gashinta ya naɗe a irin wannan inji, tana aiki ita kaɗai da dare. Shi ya sa nake roƙonka, makonnin farko a samu wani babba a kusa, yara kuma a kulle musu ƙofa. Tabarau na kariya dole ne.

Sai makullin da ake ɗaure ƙarfe da shi a bakin injin. Ka saba wa kanka: hannunka ba ya barinsa sai ya fita daga raminsa. Wanda ya manta shi ya kunna, makullin fitowa yake kamar dutsen gwafa, kuma fuska yake nufa. Bayan ka ɗaure, juya bakin da hannu zagaye ɗaya ka ga ba ya dukan komai.

Fara da alminiyam ko tagulla, sun fi laushi. In ƙarfen ya leƙo fiye da kaurinsa sau uku, tokare shi da matokarin baya, wato sashen injin da ke tallafe ɗaya ƙarshen ƙarfen. Tsinin wuƙar yanka ya daidaita da tsakiyar ƙarfen. Baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 25, da wuƙa ta gama-gari, juyi kusan 380 ya ishe shi. Mai milimita 10 ya kai kusan 950. Wuƙar ta riƙa cin ƙarfen kaɗan-kaɗan.

Za ka ga ɓawon ƙarfe na fitowa a murɗe, wani har ya yi shuɗi don zafi. Kaifinsa na yanka har ƙashi. Tsayar da injin, ka share da buroshi. Awo ma sai ya tsaya cak, samfefa kuma kada ka naɗe ta a yatsa.

Matsalar wuta tamu ce: da an ɗauke, kashe makunnin, ka janye wuƙar, don kada wutar ta dawo injin ya tashi hannunka na ciki. In da janareta za ka yi aiki, sa masa sitabilaiza, domin allon lantarkin waɗannan injunan ba ya jure hawa da saukar wuta. Idan kuma akwai mai wannan sana'a a unguwarku, je ka zauna wajensa ka ga yadda yake tsayuwa da inda yake ajiye hannunsa kafin ka kunna naka.