Yarona ba ya barin kaya a jikinsa

TAMBAYA: Salam Anti, don Allah ina neman shawara. Yarona shekararsa 4, kullum sai mun yi dambe wajen sa kaya, shaddar da babansa ya ɗinka masa da sallah ko minti biyar ba ta yi a jikinsa ba ya hau ihu yana jan wuyan har ya tsinka aikin, safa kuwa ba a magana, shi dai wata tsohuwar riga da duk ta koɗe ita yake so. Kakarsa ta ce sangarta ce in dinga zane shi.
Wata uwa daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki ba Hajiya haƙuri amma a ajiye bulalar nan. Akwai yaran da fatarsu ke jin abu fiye da ta sauran, ɗinkin da ke ba ki ma san yana wurin ba shi ji yake kamar an zuba masa ƙaiƙayi a riga.

Ki ɗauko tsohuwar rigar ki juya cikinta ki shafa, sannan ki juya shaddar ita ma, nan za ki gane komai. Shadda sabuwa ga sitaci ga bugu, ga zaren aikin wuya duk a tsaye ta ciki yana gogar fata, mu manya ma haƙuri muke yi don kwalliya. Ki nemi yadin auduga mai laushi, ki wanke shi kamar sau biyu kafin ya je wurin tela, ki ce masa a yi shafi a ƙarƙashin aikin ko a bar aikin gaba ɗaya, wuya ya sake, hannu ba linki. Lebul ɗin ƙeya ki farke shi daga ɗinkin, in da almakashi kika yanke guntun da ya rage ya fi sukan fata. Safa a sa masa a juye. Robar wando kar ta kama ƙugu, kuma kar ki raina gwanjo, ya sha wanki ya yi laushi. Duk wadda ya karɓa ki sayi irinta biyu ko uku, ki riƙa miƙa masa biyu ya zaɓa da kansa.

Da hunturu ki shafa masa man kaɗanya ko basilin, bushewar fata tana ƙara abin, haka ma omo mai ƙamshi in ba a ɗauraye sosai ba.

Wani abu kuma, in kin lura yana toshe kunne in an ta da janareta, ko maganarsa ta yi jinkiri, ko ba ya juyowa in an kira sunansa, ki kai shi wurin likitan yara, ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa da ku. Ana yawan ganin wannan a yara masu galahanga, wato lalurar da ake kira autism a Turance, amma ba duk mai ƙin kaya ne ke da ita ba, wani ma ƙurajen fata ne kawai ke damunsa.