Tambayoyinku kan ayodofom, maganin ciwon nan mai warin asibiti

Tambaya: Likita an tsaga min maruru aka cusa wani bandeji rawaya a ramin, warinsa ya hana ni sakat, ko ruɓewa wurin yake?

Amsa: A'a malam, kwantar da hankalinka, warin maganin ne. Bandejin an jiƙa shi da ayodofom, wata hoda ce rawaya da wani Bafaranshe Serullas ya fara haɗawa a 1822, in aka auna nauyinta wajen kashi 96 cikin 100 duk aidin ne. Ba ta narkewa a ruwa sosai, sai ta zauna cikin ciwon tana sakin aidin kaɗan kaɗan yana kashe ƙwayoyin cuta. Kar dai ka zare shi da kanka, ka koma ranar da aka ce maka. In wurin ya ƙara kumbura ko zazzaɓi ya zo toh wannan kam kar ka jira ranar.

Tambaya: Mahaifinmu na da babban gyambo ana cika shi da irin wannan bandejin, kwana biyun nan sai sambatu yake baya gane mutane, ko tsufa ne?

Amsa: 'Yar'uwa ku kai shi asibiti yau ɗin nan, kar ku ɗora wa tsufa. Ciwo in yana da faɗi da zurfi jiki na zuƙe maganin ya shiga jini, daga nan sai ciwon kai, amai, zuciya na bugawa da sauri, rashin barci ko barcin da ya wuce kima, sai ruɗewa, kuma abin ya fi kama tsofaffi da masu ciwon ƙoda don ƙoda ce ke fitar da aidin ta fitsari. Ku faɗa wa likitan da bakinku cewa ayodofom ake saka masa, don wlh abu ne mai sauƙin mantawa, hankali sai ya tafi kan shanyewar jiki ko cutar da ta shiga jini, waɗanda su ma dole a duba. In ayodofom ɗin ne, yawanci ana cire bandejin mutum ke dawowa hayyacinsa a hankali.

Tambaya: Ina da juna biyu, zan iya amfani da shi?

Amsa: Gara a canza miki wani Hajiya. Aidin na ratsa mahaifa yana kuma fita a nono, in yayi yawa sai ya danne aikin tayirod ɗin jariri, wato kaluluwar nan ta gaban wuya. Haka mai maƙoƙo ko wanda ya taɓa yin borin jini da shi, ya faɗa kafin a saka masa.